Jinyar 'Yar Tabotaki, Kazar Da Na Hana Kwanci

Da sunan Allah nake farawa, Mai ciyar da tsuntsu da bisa ba tare da sun yi noma ba. Cikin ragowar shafukan kayen ɗiyata, wato littafin rubutunta na makaranta, nake wannan rubutu, saboda matan da ke kiwon kaji a tsakar gida. Abin da ya sami kazata ana ce mishi fitar baya, kuma da hannuna na jawo mata shi, ina ganin gata nake yi.

Ni haifaffiyar Tabotaki ce, aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Galma. Maigidana yana Abijan wajen bida, wato neman kuɗi, yau shekara ta uku. Ɗiyarmu guda, Balki, tana kwalej a Madawa, tana zaune gidan wani ɗan'uwan babanta. A gidan daga ni sai Iya, uwar mijina, wadda kunnenta ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona kafin ta ji. Akwai ranar da zan wuni ban yi magana a hankali da kowa ba sai da kaji.

Kajina shida ne, amma guda ce tawa ta zuciya. Wake-wake ce, mai tukku a ka. Irin kajin Innata ne, Allah Ya jiƙanta. Tun ina ƙarama kajin gidanmu masu tukku ne, kuma Inna ba ta kiransu da baki, sai dai ta buga zobenta a jikin ƙwaryar dusa sau uku, su taho a guje. Da ta rasu, cutar kaji ta bi Tabotaki ta share akurkinta kaf. Wannan guda ta tsira ne don Inna ta riga ta ba ni ita tana sagara. Ƙwaryar ma ni na ɗauko ta ranar rabon kaya, kowa na kallon tufafi. Maƙwabciyata Habsu ce ta laƙa wa kazar suna 'Yar Tabotaki, wai ni da ita baƙi biyu ne a gari.

To ga kuskuren. Bana Balki za ta yi jarrabawar burbe, ta fita kwalej. Da ta zo hutu na ga ta rame, wuyanta duk ya fito. Ni da na yi lakwal, wato makarantar boko, na san an koya mana cewa ƙwai na gina jiki, sai na ƙudura duk ranar kasuwa in aika mata. 'Yar Tabotaki ce mai manyan ƙwai, don haka na mayar da hankali kanta. Ina ba ta garin ƙuli-ƙuli, da ragowar tuwo, da dusa mai laushi, har ta yi nauyi tana tafiya kamar matar sarki. Duk ƙwan da ta saka in ɗauke. Da ta nuna alamar kwanci, ta kumbura gashi ta lafe a gurbi, sai in yi abin da kowace mace ke yi a nan: in tsoma ta cikin ruwan sanyi, in ɗaure ƙafarta a gindin dalbejiya nesa da gurbi kwana biyu, har zafin kwancin ya fita, ta koma saka. Sau uku na yi mata haka tsakanin sanyi da bazara. Inna kuwa ba ta taɓa hana kaza kwanci fiye da sau ɗaya ba, kuma takan ƙona ɓawon ƙwai ta daka ta zuba musu cikin dusa. Ni ɓawon duk yana Madawa, ko guda bai dawo ba.

Alamun sun zo, ban karanta su ba. Ɓawon ƙwai ya fara sirancewa, har yatsa na iya lotsa shi. Sai na ga zaren jini a jikin wani, na goge da gefen zane na sa cikin ƙwarya. Sai ta riƙa daɗewa a gurbi tana nishi, wutsiyarta na sama da ƙasa. Na ce zafin bazara ne.

Ranar wata Talata da hantsi ina surfe, na ji kaji sun ruɗe a bayan rumbu. Na iske su sun kewaye ta suna saran bayanta, ita kuwa tana gudu tana faɗuwa. Da na ɗauke ta na juya, sai ga jan nama ya fito ta mafitar ƙwai, kamar girman goro, yana sheƙi, ƙasa da jini duk sun manne mishi. A gurbi kuma ga ƙwai ƙato wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Salatin da na yi ne ya sa Habsu leƙowa ta kan darni.

"Maman Balki, mi ya faru? Wa ya mutu?"

Na nuna mata. Ta riƙe baki, sannan ta ce, "Basir ne! Wallahi basir ne irin na tsohon mijina. Ki bada mata toka mai ɗumi, ki tura da tsumma."

Iya ta fito tana dogara sanda. Ta duba sau ɗaya ta ce, "Ɗiyata, aika a kira Malam Ada shi yanka ta tun da ranta. In ta mutu mushe ce, kin yi hasarar kaza kin yi hasarar miya."

Na ce da ƙarfi don ta ji, "Iya, ta Inna ce."

Ta ce, "Ta wa?"

"Ta Innata!"

Ta ce, "Allah Shi jiƙan Inna. Amma kaza dai kaza ce."

A nan mace ba ta yanka, kuma da rani duk mazan unguwarmu sun tafi bida, sai Malam Ada, tsohon da ke jan salla a masallacin bakin rijiya. Shi ke yanka wa kowa. Na san da na aika, kafin azahar an gama. Ban aika ba. Abin da ke raina shi ne, in wannan kaza ta tafi ba ta bar ɗa ba, irin kajin Inna ya ƙare, kuma a hannuna ya ƙare. Ko ƙwanta guda ba ni da shi sai wannan ƙaton, wanda da na fasa na tarar gwaiduwa biyu ce.

Na bi shawarar Habsu, Allah Ya yafe mini. Tokar ta busar da naman, ya yi kaushi, ya ƙara kumbura. Na tura ya shiga, ta yi nishi ɗaya ya dawo. Da yamma wata ta ce in buɗe kafso ɗin nan mai ja da rawaya na masu tebur in zuba mata a ruwa. Wata ta ce a ɗaure wurin da zare ya bushe ya faɗi, kamar cibiya. Wannan kam jikina bai ba ni ba. Na kife ta da kwando nesa da sauran kaji, ta kwana a haka.

Washegari kasuwa ce, kuma likitan bisashe yakan zauna a wata rumfa gefen turken awaki. Na sa ta cikin kwali, na huda mishi ƙofofin iska, na lulluɓe da gyale na tafi a ƙasa. Layin duk maza ne tsofaffi da Fulani, wannan da sa mai ɗingishi, wancan da rago mai zawo. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce mai kwali. Wani dattijo mai rawani ya ce, "Hajiya, mi ke cikin kwalin ga, raƙumi?" Aka yi dariya. Kazar ta yi kuka daga ciki, dariyar ta ƙaru. Wani ya ce, "Maganin wagga ai albasa da yaji ne." Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Tun hantsi har rana ta take ina tsaye, duk wanda ya zo da babbar bisa sai a ce in yi haƙuri ya wuce.

Likitan saurayi ne siriri, da gilashi. Bai yi dariya ba, kuma har gobe ina yi mishi addu'a saboda wannan. Ya sa safar hannu, ya duba, ya ce, "Madam, purolabsus ne, wato fitar baya. Wa ya sa mata toka?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Kada ki ƙara. Tana saka kullum?"

Na gaya mishi komai, har da tsomawa cikin ruwa. Ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce, "Kin ga, kwanci shi ne hutun kaza. Kin hana ta hutu, kin ƙara mata kitse, jikinta ya rasa abin yin ɓawo. Naman ya gaji, shi ya sa ya saki." Ya ce abin da ta rasa sunansa kalsiyom, na tuna kalmar daga aji, kunya ta kama ni.

Ga abin da ya koya mini, kuma shi ne amfanin wannan takarda. A yanke farce, a wanke hannu da sabuni. A dafa ruwa a bar shi ya huce ya zama ɗumi, a sa gishiri kaɗan, a zaunar da bayan kazar ciki har dattin ya jiƙa ya fita da kansa, ba a kankarewa. A shafa zuma ko a barbaɗa sukari a kan naman a jira, yana janye kumburi. Sannan a shafa bazilin ko man kaɗe mai tsabta a yatsa, a tura a hankali, a riƙe da tafin hannu kamar tsawon karatun Fatiha bakwai. Zai dawo, a sake, safe da yamma. A ware ta daga sauran kaji, don jan abu na jan bakinsu, za su iya zaro hanjinta. A kare ta daga ƙuda. A rage mata abinci, hatsi kaɗan da ruwa mai yawa da ɓawon ƙwai ƙonanne. Babban abu kuma, a sa ta cikin duhu, don hasken rana ne ke sa kaza yin ƙwai.

Da zan tafi ya ce, "Madam, in faɗa miki gaskiya. In naman ya yi baƙi, ko ya yi wari, ko kika ga abu mai tsawo ya biyo, kada ki wahalar da ita, ki kai a yanka. Kuma ko ta warke, yakan dawo."

Ɗaki mai duhu guda ne a gidanmu, ɗakin maigida, wanda ke kulle tun tafiyarsa. Na nemo mabuɗin a ƙasan akwati. Da na buɗe, ga takalmansa na gona a inda ya bar su, ga rigarsa a rataye ƙura ta rufe kafaɗunta. Na toshe ƙaramar tagar da buhu, na shimfiɗa yashi a kusurwa, na ajiye ta.

Satin farko wanki ne da turawa. Bayan asuba in yi, bayan la'asar in yi. Ranar farko naman ya zauna ciki kamar tsawon dahuwar shayi, ya fito. Rana ta uku ya kai azahar. Zumar da na ɓoye don azumi ta tafi a bayan kaza, Habsu ta ce in an yanka ta ba sai an sa magi ba. Da rana in na gama aiki, maimakon in kwanta a rumfa, sai in shiga ɗakin in ja ƙofa in zauna kan tabarma. Zufa na zuba, ba na ganin komai sai zaren haske ta ƙasan ƙofa, ina jin numfashinta. Ina yi mata hira. Na ba ta labarin Tabotaki, da dutsen bayan gidanmu, da yadda Inna ke tankaɗe tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban san na yi kewar magana a hankali haka ba sai a ɗakin nan.

Ranar Juma'a maigida ya kira. Na fara ba shi labari, layin na yankewa. Ya ce, "Wa ke rashin lahiya? Iya?" Na ce a'a, kaza. Ya yi dariya irin ta gajiya, ya ce, "Haba, na ɗauka mutum ne. Ki yanka ku sha romo, in na zo in saya miki goma." Na tambaye shi ko zai zo noman bana. Ya ce sai abin da Allah Ya yi, aiki bai saki ba. Ba laifinsa ba ne, shi ma can shi kaɗai ne. Amma da na kashe salula na koma ɗakinsa na zauna da kaza na yi kuka.

Kwana na shida abin ya ɓaci. Ashe akwai ƙwai guda da ya riga ya haɗu a cikinta. Da hantsi na iske ta tana nishi, naman ya fito fiye da na farko, ƙwan na ciki ya tokare, ina ganin farinsa ta tsakiya. Na zaunar da ita cikin ruwan ɗumi, na shafa man kaɗe kewaye da bakin, ina matsawa kaɗan-kaɗan ina Ya Latifu. Na fi rabin awa kafin ya sulluɓo tafin hannuna, da jini a jikinsa. Ta kwanta ta rufe ido, na ce ta tafi. Ban iya cin ƙwan ba, ban kuma iya yar da shi ba. Na binne shi cikin ƙwaryar gero a ƙarƙashin gado.

Ranar nan Iya ba ta shawarce ni ba, ta aika Habsu ta kira Malam Ada. Sai sallamarsa na ji a zaure, da wuƙa naɗe cikin tsumma. Na sa hijabi na durƙusa daga nesa na gaishe shi.

Ya ce, "Ina mara lahiyar?"

Na ce, "Baba Malam, naman bai yi baƙi ba. Likita ya ce sai ya yi baƙi. Ka ba ni kwana uku."

Ya ce, "Ɗiyata, tausayi ga bisa lada ne. Amma barinta cikin azaba don jin daɗin ranki, wannan ba tausayi ba ne. Kin gane?"

Na ce na gane. Ya mayar da wuƙar aljihu, ya ce yana nan bakin rijiya, ba ya zuwa Abijan. Maganarsa ta tsaya mini a rai, don ban tabbata ba ko don kazar nake yi ko don kaina.

Cikin ikon Allah, bayan wannan ƙwai ba ta ƙara yin wani ba. Duhun ya yi aikinsa. Kwana na tara naman ya shiga bai fito ba. Na riƙa zuwa ina ɗaga wutsiyarta kamar mai duba tukunya.

Asabar ɗin nan Balki ta zo kwana ɗaya. Na ba ta haƙuri cewa ƙwai ya yanke. Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Mama, ai ni sau biyu na ci." Na ce kamar yaya? Ta ce duk abin da aka aiko wa ɗan lakwal, hannun uwar gida yake shiga, ita ke rabawa, kuma gidan yara tara ne, ga mijinta da ke son ƙwai da shayi. Ba ta faɗa mini ba don kada in ji ciwo. Ban zargi matar ba, ita ke ciyar da ɗiyata shekara huɗu, kuma ni ma na san haka ake yi, mantawa na yi. Na dai tashi na shiga madafa na daɗe ina hura wutar da ta riga ta kama.

A sati na uku na shiga da ruwa, sai na ji ta yi mini gurnani. Ta tona rami cikin yashi ta lafe, gashi a kumbure. Kwanci. Abin da na tsoma ta cikin ruwa sau uku don in kashe, shi ne ya dawo. Na kira Iya ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To mi kike jira? Ki ba ta ƙwai. Muddin tana kwance ba ta saka, kuma in ta hito da ɗiya wata biyu ba ta saka." Wadda ta kira mai wuƙa ita ce ta tafi da sandarta gidan Habsu ta karɓo ƙwai huɗu. Ni kuma na tono na cikin gero. Kwanansa goma sha ɗaya, ga busasshen jini, kuma kwana shida ta yi ba zakara kafin ta saka shi. Iya ta ce da wuya ya ƙyanƙyashe. Na yi mishi zane da gawayi na tura ƙarƙashinta da bisimilla.

Kwana ashirin da ɗaya na ƙirga a bango. Na Habsu uku suka ƙyanƙyashe, guda ya lalace. Mai gawayi shiru. Washegari kazar ta fara tashi tana kiran 'ya'yanta waje, na san in ta bar gurbi shi ke nan. Na ɗauki ƙwan na kara a kunne, sai na ji ƙwas, ƙwas, can ciki. Na mayar, na rufe ƙofa, na zauna na tsare kazar a kansa da hannu har la'asar. Ya fito jiƙe, ƙarami, ya kasa tsayuwa. Da ya bushe na ga ɗan tudu a tsakiyar kansa.

Sati bakwai 'Yar Tabotaki ta yi tana yawo da 'yan tsakinta a tsakar gida, ruwan farko ya sauka, ta koya musu tonon gara. Na ɗauka mun tsira. Sai ta yaye su, fuskarta ta yi ja, ta fara kyarkyara. Na mayar da ita duhu, amma na makara. Ƙwai na biyu ya fito da komai. Wannan karon abu mai tsawo ne ya biyo, kafin azahar gefensa ya yi baƙi. Ban wanke ba, ban tura ba. Na naɗe ta cikin gyalena na tafi bakin rijiya da ƙafata. Malam Ada ya karɓa da hannu biyu. Na juya baya har ya gama. Habsu ce ta fige ta dafa, Iya ta sha romo ta sa albarka. Ni na ce azumi nake, kuma na yi niyyarsa tun safe don kada in yi ƙarya.

'Yan'uwana mata, in kazarku ta nemi kwanci ku bar ta, ko sau ɗaya cikin biyu. Ku mayar mata da ɓawonta. In kun ga jini a jikin ƙwai kada ku goge ku yi shiru kamar ni. Na gode wa likitan da bai yi mini dariya ba, na gode wa Iya da Habsu da Malam, ko da yake har yau in na tuna layin nan na kasuwa raina na ɓaci.

Maigida bai zo noma ba, na sake kulle ɗakinsa. Balki na Madawa. Ɗan tsakon nan kuwa mace ce, wake-wake, tukkunta ya fara tsayuwa. Jiya da la'asar gidan ya yi tsit, Iya na barci, na ɗauko ƙwaryar Inna na zuba dusa. Na buga zobena sau uku a jikinta. Sauran kajin ba su ko ɗaga kai ba, su da baki na saba kiransu. Ita kaɗai ta taho a guje daga bayan rumbu, ta tsaya a kan ƙafata tana jira.